Muryar da Ba Ta Numfashi

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ki gaisuwar ƙani ga wadda ta goya shi, da fatan kina lafiya ke da yara. Yaya gwiwar? Ina fata kina shan maganin a kan lokaci, ba sai ciwon ya tashi ba. Mu nan lafiya muke. Maman 'yan biyu tana gaishe ki. Idanuna ne kawai suke ɗan damuna, likita ya ce yawan kallon kwamfuta ne, ya canza mini tabarau.

Na san kafin wannan takarda ta iso, abokan aikina sun riga sun zo shago sun karɓi wayarki. Ni na nemi a je. Ban so ki ji haka daga bakin wani ba.

Abin da aka yarje mini in faɗa kaɗan ne. Sashenmu, mai binciken laifukan da ake aikatawa ta waya da intanet, ya kama wasu mutane masu satar wayoyin marasa lafiya a asibiti. Wayar marigayi mijinki, wadda muka ɗauka ta ɓace ne a cikin hidimar jinya, tana cikin waɗanda aka samu a ɗakinsu. Lambarki kuma ta fito a kwamfutarsu. Ba a zarginki da komai. Wayarki shaida ce kawai. Da yake ke 'yar'uwata ce, ƙa'idar aiki ta hana ni taɓa ta. Tana hannun Sufeto, matar da ta zo wurinki, kuma na yarda da aikinta.

Magana ta biyu ta fi muhimmanci. Mutanen nan suna amfani da na'ura su kwaikwayi muryar mutum, kuma ba a kama su duka ba. Akwai saƙonnina na murya a cikin wayar marigayi. Saboda haka, daga yau har sai na rubuto miki akasin haka, ba zan kira ki ba. Idan aka kira ki da muryata a wayar yara ko ta maƙwabta, ba ni ba ne, ki kashe. Ko lambata kika gani kada ki yarda, lamba ma ana aronta. Rubutun hannuna kin san shi, ke kika koya mini riƙe alƙalami. Direban da ke sauke miki yadi ya yarda zai riƙa kai mana takarda da kawowa.

Allah ya ƙara haƙuri.

Ƙaninki.

*

Auta,

Na samu takardarka. Yara lafiya, sun koma makaranta. Gwiwa ma tana nan inda ka san ta, ita dai ba a zo an saka ta a jaka an tafi da ita ba. Ka gaida Maman 'yan biyu, ka ce mata ta riƙa duba maka tabarau ɗin, wataƙila shi ya sa ba ka gane hanyar gidanmu ba ka turo baƙi.

Sun zo ina tsakiyar yankan rigunan makaranta, uwar wani yaro tana zaune tana jiran nata. Sufetonka ta sa safar hannu kamar mai karɓar haihuwa, ta ɗauki wayata da yatsu biyu, ta jefa a wata jaka mai ƙyalli, ta liƙe. Ta ce in sa hannu, ta ce matar nan ma ta sa hannu a matsayin shaida. Mai takalma na kusa da ni har wuyansa ya kusa tsinkewa don leƙe. Yanzu duk layin nan an san 'yan sanda sun zo wurin matar marigayi mai gyaran firji. Na gode, Yallaɓai.

Wannan duk da sauƙi. Ka san abin da ke cikin wayar nan, don na faɗa maka ranar da ka kawo mana gawarsa. Kai ne kake kusa da shi a babban asibitin garinku, ni ina nan ina haɗa kayan tafiya, sai saƙon ya shigo. Washegari ka aiko cewa ya cika. Na haddace shi, amma haddar ba ta da muryarsa:

“Maman yara, ni ne. Na san na gajiyar da ke. Duk abin da kike yi mini ina gani, bakina ne mai nauyi. Ki yafe mini.”

Shi ke nan. Ba shi da tsawo. Ina sa shi idan na buɗe shago kafin in hau keken ɗinki, ina sa shi idan zan rufe. Tun da aka tafi da wayar nake buɗe ƙofa in tsaya kamar wadda ta manta abin da ya kawo ta.

Ban damu da wayar ba, ku riƙe ta har ta ruɓe. Ka ce wa Sufetonka ta zuba mini saƙon a wayar babban yarona, ko a wani abu ka ba Direba. Kai da ka yi jami'a a kan kwamfuta, wannan ba zai gagare ka ba. Ban taɓa roƙonka komai ba tun da ka fara aiki. Ka lura, yanzu ma ba roƙo nake yi ba.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗin jin yara sun koma makaranta. Ki rage tsayuwa wurin yanka, ki sa a ɗaga miki teburin ko ki nemi kujera mai tsawo. 'Yan biyu sun yi mura, sun warke.

Abin da ya faru a gaban mutane bai yi mini daɗi ba. Amma sa hannu a gaban shaida ƙa'ida ce. Idan ba a yi haka ba, lauyan waɗanda ake tuhuma zai ce mu muka zuba abin da ke cikin wayar. Jakar da kika gani kuwa tana toshe sabis ne, don kada wani ya zauna daga nesa ya goge abin da ke ciki. Sun saba yin haka.

Bari in faɗa miki yadda ake aikin, ko hankalinki zai kwanta. Ba a bincike a kan wayar kanta. Ana kwafe duk abin da ke cikinta zuwa wata ma'ajiya, sai na'ura ta fitar wa kwafin da wata doguwar lamba mai kama da hatimi. Idan aka canza ko ɗigo ɗaya a ciki, lambar za ta canza, kowa ya gane an taɓa. A kan kwafin ake aiki. Wayar tana kulle a ɗakin ajiyar shaidu, duk wanda ya ɗauko ta sai ya sa hannu. Daga nan sai a nemi izinin kotu, kamfanin waya ya ba da bayanin inda kowane saƙo ya fito. Wannan shi yake ɗaukar lokaci.

Game da buƙatarki: ba zan iya ba. Ba a fitar da komai daga shaida sai alƙali ya gama da ita, kuma ni ne mutum na ƙarshe da ya kamata ya nemi a yi hakan. Abin da zan iya tabbatar miki shi ne, saƙon yana nan yadda ya zo miki. Ba a goge shi ba, ba a canza masa komai ba, kuma haka za a dawo miki da shi.

Ki gargaɗi yara. Kada su danna duk wani adireshin intanet da aka turo musu da sunan kyauta ko tallafin karatu. Kada su karanta wa kowa lambobin da banki ko kamfanin waya ya aiko, ko da mai tambayar ya ce shi ma'aikacinsu ne. Idan layin ɗayansu ya ɗauke haka kawai, su je ofishin kamfanin a ranar, don ta haka ake sace layi.

Ƙaninki.

*

Autana,

Ina gaishe ka, ina gaishe da iyalinka. Allah ya raba 'yan biyu da mura. Ga riguna nan na ɗinka musu da ragowar yadi mai kyau, na bar tsawo a ƙasa don su girma a ciki.

Na karanta takardarka har ta fara yagewa a wurin ninki. Ka ce saƙon yana nan yadda ya zo, ba a canza masa komai ba. Wannan ya ishe ni. Ka yafe mini zafin bakina na wancan karon. Tun da ka ambaci masu kwaikwayon murya wata tambaya take damuna, ban iya yi maka ita ba. Yanzu hankalina ya kwanta.

Ƙanwar marigayi ta zo. Ka san ta, ita ce mai cewa wanta ya mutu da baƙin cikin aurena, kuma tun farko take cewa saƙon nan ni na ƙirƙira shi a baki. Na ɗauko takardarka na karanta mata a gaban yara. Na ce ga shi, hukuma da na'urorinta sun duba sun tabbatar. Ko ruwan da aka kawo mata ba ta sha ba, ta tashi. Ka rama mini abin da na daɗe ina haɗiyewa.

Yayarka.

*

Auta,

Lafiya kuwa? Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa, hannunsa babu komai. Ya ce ya ba ka rigunan a ƙofar ofis, ka karɓa ka yi godiya ka juya. In idon ne ya tsananta, ka sa matarka ta rubuto.

Sufetonka ta dawo da takardar kotu, wai ana nemana in ba da shaida. Na ce shaidar me, ni da ba a sace mini ko allura ba? Ta dube ni wani iri, ta ce, “Ɗan'uwanki bai yi miki bayani ba?” Na ce ya yi. Ta ce to, ta tattara takardunta ta fita da sauri kamar wadda ta bar tukunya a kan wuta.

Wane bayani ne ba ka yi mini ba?

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ki. Idanuna da sauƙi. Rigunan sun yi wa 'yan biyu daidai, uwarsu tana godiya.

Na fara wannan takarda na yaga, na sake farawa. Zan faɗi abin a tsaye, don ban samu wata hanya ba.

Na rubuta miki cewa saƙon yana nan yadda ya zo. Gaskiya ne. Ban rubuta cewa marigayi ne ya yi shi ba. Ba shi ba ne.

Ga yadda suke yi. Suna zaɓar marasa lafiyar da jikinsu ya yi tsanani, waɗanda iyalansu suke nesa. Idan sun samu wayar, sai su tattara tsofaffin saƙonnin murya na mai ita, su ba na'ura, ta koyi muryarsa. Daga nan duk abin da suka rubuta, za ta faɗe shi da wannan murya. Na marigayi sun haɗa shi ne daga saƙonnin da yake tura wa masu kawo masa gyara, da waɗanda yake tura miki. Saƙo na farko ba ya neman komai. Aikinsa shi ne ya tausasa zuciya, ya sa a daina tambaya. Na biyu shi yake zuwa da maganar tiyatar gaggawa da lambar asusu. Ke na biyun bai zo miki ba, domin ya rasu kafin su turo, kuma sun ji labari.

Hujjoji uku ne. Bayanin kamfanin waya ya nuna saƙon ya fito ne daga unguwar da aka kama su, ba daga asibiti ba. Ƙwararren da ya auna muryar ya nuna babu numfashi a tsakanin jimlolin, alhali mai ciwon huhu ba ya kai ƙarshen jimla bai ja iska ba. Takardun asibiti kuma sun nuna cewa tun kwana guda kafin saƙon, an riga an sa masa bututun numfashi a maƙogwaro, ba ya cikin hayyacinsa, kuma bai sake farfaɗowa ba.

Wannan na ukun shi ya sa ake buƙatarki. Sauran marasa lafiyar suna iya magana a lokacin da aka tura nasu saƙonnin, don haka lauya zai ce su suka yi da bakinsu. Naki ne kaɗai babu yadda za a yi a ce haka. Akwai wata mata da ta sayar da duk abin da ta mallaka ta tura musu, mahaifinta kuma ya mutu babu maganin da likita ya rubuta. Akwai irinta da yawa. Idan ba ki zo ba, mai yiwuwa a sallami mutanen nan.

Ba za a tambaye ki abu mai wuya ba. Za ki ce wayarki ce, kuma kin karɓi saƙon a ranar da aka ambata. Za a sa shi a ji a kotu. Na so ki san wannan tun yanzu.

Game da ƙanwar marigayi, da kin tambaye ni kafin ki karanta mata, da na hana ki.

Na shirya miki ɗaki a gidana.

Ƙaninki.

*

Auta,

Na dawo gida lafiya. Gwiwa ta kumbura saboda zaman mota, tana saɓewa. Ka gode wa matarka da ɗakin da ta gyara. Na sauka a masaukin tasha ne don na fi son inda ake biya a tashi, ba a bin mutum da kallon tausayi.

Na hango ka a bencin baya, kana goge tabarau. Ka goge shi sosai ranar nan. Tun da ba ka iso inda nake ba, bari in ba ka labarin abin da ka gani.

An sa saƙon. Muryar mijina ta cika ɗakin, ta fito daga wani baƙin akwati a gefen alƙali, ya ce mini Maman yara a gaban mutanen da ban taɓa gani ba. Magatakarda yana ta rubutu bai ko ɗago ba. Lauyansu ya ce bai ji da kyau ba, aka sake sawa. Wannan ka gaya mini za a yi. Abin da ba ka gaya mini ba shi ne na bayansa. Sufeto ta ce za ta sa sauran da aka samu a kwamfutarsu. Sai ga wani tsoho mai rawar murya: Maman yara, ni ne, na san na gajiyar da ke. Sai wani mai kaurin murya, sai wani mai magana ta hanci. Bakinsu duka mai nauyi ne, duka suna gani, duka a yafe musu. Ko kalma ɗaya ba a canza ba. Matar da ke kusa da ni ta fara kuka a na huɗu ko na biyar, na gane an zo kan nata. Wani a baya ya yi dariya, ɗan sandan kotu ya tsawatar.

Na kalli wanda aka ce shi yake rubuta kalmomin. Magidanci ne mai furfura a gemu, takalminsa a goge. Na so in tsane shi. Abin da ya zo mini kawai shi ne, wannan mutumin ya zauna ya yi tunanin abin da mace take jira ta ji, ya kuma gano. Mijina bai taɓa zama ya yi wannan tunanin ba. Kai ma haka.

Kana tsammani ka faɗa mini abin da ban sani ba? Da bututunku da numfashinku! Na zauna da mutumin nan tun kana gajeren wando. Saƙonninsa da ke wayata ka ji su ai, ko Sufetonka ta ji: ina makullin shago, wa ya bar fanka a kunne, a turo yaro da abinci. Daga “ina makulli” aka ƙera mini “ki yafe mini”. Tun ranar farko wani gefe na zuciyata ya ce wannan ba bakinsa ba ne. Na ce masa ya yi shiru, ya kuma yi shiru. Da wa na yi faɗa? Wa na cuta?

Kai kuma kana tsaye a kansa da bututun a wuyansa. Ranar da na faɗa maka saƙon, ka san komai, ka sunkuyar da kai ka ce Allah ya jiƙansa. Na ɗauka kunya ce. Ashe ajiya ka yi, sai ranar da aikinku ya buƙata ka ɗauko. Ɓarayin nan ba su ɗauki komai nawa ba, Auta. Su ba ni suka yi. Wanda ya shigo shagona ya fita da abu, kai ka aiko shi.

Ƙanwar marigayi ta riga ta ji. Ta zo har shago ta yi mini jaje da murmushi, ta ce in ba ta aron takardar nan taka ta sake ji.

Saura magana ɗaya, ta aikinku ce, ka rubuta a inda kuke rubutawa. Shekaranjiya da hantsi an kira wayar babban yarona, aka ce a ba ni. Muryarka ce sak, har da ɗan tarin nan da kake yi kafin ka fara magana. Ta yi shiru, tana numfashi, ka ga sun gyara wannan kuskuren. Sai ta ce, “Yaya, ni ne. Ki yafe mini.” Na kashe, yadda ka umarce ni. Sun iya aiki, amma ba su san ka ba. Matarka ta aiko wa yarona cewa wai kai ne, wai lambarka ce, wai ka daɗe zaune a mota kafin ka kira. Na ce a gaya mata lamba ma ana aronta, mijinta ne ya koya mini.

Ka ce rubutun hannunka kaɗai zan yarda da shi. To, ga Direba nan. In kai ne, ka rubuto abin da muryar ta faɗa.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ki, da fatan kumburin ya saɓe. Ki riƙa ɗora ƙafar a kan matashi idan kin tashi daga aiki. Mu nan lafiya. 'Yan biyu suna tambayarki.

An yanke hukunci. An ɗaure dukkan waɗanda aka gurfanar, kuma alƙali ya ambaci shaidarki a cikin dalilansa. Sufeto ta ce in isar miki da godiyar sashenmu. Ana ci gaba da neman sauran.

Ga wayarki nan a cikin ambulan, tare da takardar da za ki sa wa hannu ki ba Direba ya dawo da ita. Na yi mata caji. Komai yana ciki yadda yake, kamar yadda na yi alkawari.

Game da kiran da kika ambata, na karanta abin da kika rubuta, na kuma sake karantawa. Kin yi daidai da kika kashe.

Ƙaninki.